ESP-12F ko D1 mini: wanne ya fi sauƙin liƙawa?

Idan yanzu kake koyon liƙa da dalma, kada ka fara da ESP-12F tsirara, wato ƙaramin modul ɗin Wi-Fi shi kaɗai, ba a kan wani allo ba. Tazarar ƙafafunsa milimita 2 ce, ramukan breadboard (allon gwaji da ake soka kayan lantarki a ciki) kuwa milimita 2.54, don haka sai ka nemi allon adafta. Bayan nan kana buƙatar resista 10k guda biyu su ɗaga ƙafafun EN da GPIO0 zuwa 3.3V, kowace ƙafa da tata, wata kuma ta sauke ƙafar GPIO15 ƙasa (0V). In ka manta guda, zai iya ƙin tashi. Wani modul ɗin, ESP32-WROOM, ya fi tsanani, tazararsa milimita 1.27.

D1 mini, ƙaramin allo da aka riga aka liƙa modul ɗin a kansa, shi ya fi sauƙi: ya zo da USB da regulata (mai daidaita ƙarfin wuta). Ka soka fil-fil ɗinsa cikin breadboard kafin ka liƙa, don su miƙe. Dalma kaɗan, kada ta haɗe ƙafafu biyu.