Kalmar "dead" da tarkon da take ɗana wa mai fassara

Abu na farko da aikin fassara yake koya wa mutum game da kalmar Turanci "dead" shi ne kada hannu ya yi saurin rubuta "matacce". Ƙamus zai ba ka wannan ma'anar a layin farko, amma a takardun injiniyoyi da na 'yan kasuwa da na labarai, sau da yawa babu batun rai ko mutuwa a zancen sam.

Tun daga nahawu ake fara tuntuɓe. "Dead" sifa ce, "died" aikatau ne, "death" kuma suna. Bahaushe yana cewa "ya mutu" ko yana ba da labarin abin da ya faru jiya, ko yana bayyana halin da abu yake ciki yanzu, shi ya sa ɗalibai suke rubuta "he is died". Daidai shi ne "he died" ko "he is dead". In an juyo Hausa kuma akwai ladabi. Mutum rasuwa yake yi, a kira shi marigayi, jikinsa gawa ne, dabbar da ta mutu ba a yanka ba ita ce mushe. Wanda ya rubuta "matattun fasinjoji" a labarin haɗarin mota ya ɓata wa iyalansu rai, "waɗanda suka rasu" ake cewa.

Akwai inda harsunan biyu suka yi tarayya: mota ta mutu, kasuwa ta mutu, layi ya mutu. Ko a nan a yi hattara da batir. "Dead battery" yana iya zama wanda cajinsa kawai ya ƙare, yana iya zama wanda ya lalace. Batirin mota gidaje shida gare shi, kowanne da bolt 2.1, wato cikakke yana nuna kimanin 12.6. In an yi masa caji ya tsaya wajen 10.5, gida ɗaya ya tafi, wannan shi ne ya mutu. Wanda ya sauka don an kwana da fitila a kunne, caji yake so.

A aikin lantarki ne kuskure yake iya cin rai. "Dead wire" lafiyarta ƙalau, wuta ce kawai babu a cikinta, kishiyarta kuwa "live". Idan takardar gargaɗi ta ce "make the circuit dead", umarni ne a katse wutar, a sa testa a tabbatar babu ita kafin a kai hannu. Wanda ya karanta "a tabbatar layin ya mutu" zai iya ɗauka ɗaukewar wuta ta wadatar, ya hau aiki, a dawo da ita yana riƙe da waya.

Makaniki yana da "top dead centre", wurin da fistin ya kai ƙarshen hawansa ya tsaya kafin ya juyo. A inji mai bugu huɗu sau biyu yake kaiwa can kafin bugu huɗun su cika, sau ɗaya bayan ya matse iska da mai, sau ɗaya bayan ya kori hayaƙi. A na farkon ake saita taimin, lokacin da bawul ɗin duka biyu suke rufe. Magini kuma yana da "dead load", nauyin ginin kansa wanda ba ya motsi. Kankare yana kai kilo 2,400 a kowace mita kubik, don haka dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, mai kaurin santimita 15 ya ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita tun kafin mutum ɗaya ya taka. Ɗan kasuwa shi bai da wahala, "dead stock" ɗinsa kayan da suka yi kwantai ne.

"Deadline" wa'adi ne, amma asalinsa da ban tsoro. A kurkukun Andasonbil da ke jihar Jojiya, lokacin yaƙin basasar Amurka a 1864, akwai shingen da duk fursunan da ya ƙetare shi masu gadi za su harbe shi. Daga baya gidajen jaridu suka ari kalmar don lokacin rufe karɓar labari.

Inda Hausa ta fi nuna gwanintarta shi ne wurin da "dead" yake ƙarfafa magana kawai. Bature ya ce "dead tired", "dead silent", "stopped dead", "dead straight", kalma ɗaya yake ta maimaitawa. Mu kowanne da amsa-kamarsa: ya gaji tiɓis, wuri ya yi tsit, ya tsaya cak, hanya ta miƙe samɓal. Ba a musanya su kuma, ba wanda zai ce ya gaji cak. Hanyar gane wannan amfanin mai sauƙi ce: a cire "dead" daga jimlar, in ma'ana ba ta rushe ba, ƙarfinta ne kawai ya ragu, to amsa-kama ake nema. Fassarar da ta ce "ya gaji kamar matacce" ana fahimtarta, amma kunne yana jin ba a gida aka haife ta ba.

Sauran ma muna da su a ajiye, nema kawai suke so. "Dead of night" talatainin dare ne. "Dead heat" a tsere kunnen doki aka yi. "Dead end" lungu ne da ba ya ɓullewa, tattaunawar da ta shiga "deadlock" kuma ta cije. "Deadly" shi ma a kula da shi, abu ne mai kisa, yana nan da ransa kamar gamsheƙa. Uban da ya ce "over my dead body" a kan auren da bai yarda da shi ba, da Hausa cewa ya yi sai dai bayan ransa.