Kada ku fara da sed -i

Wani aiki aka ba ni na gyara rubutun Hausa da aka buga ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, fayiloli da yawa a jaka ɗaya. Na ga kalmar "kasa" ta cika ko'ina, sai na ɗauko sed, manhajar da ke sauya rubutu a cikin fayil, na rubuta `sed -i 's/kasa/ƙasa/g' *.txt` na danna, wato ya mayar da kowace "kasa" zuwa "ƙasa" a duk fayilolin. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba.

Washegari da na zauna karatu sai gabana ya faɗi. Kalmar "kasance" ta koma "ƙasance", "kasafi" ta koma "ƙasafi", duk inda marubucin ya ce wani ya kasa zuwa, an mayar da shi ya ƙasa zuwa. Kwafi kuma ba ni da shi, domin `-i` a kan fayil ɗin yake rubutawa kai tsaye, ba ya tambaya. Juya umarnin ma ba zai taimaka ba, tunda zai lalata "ƙasa" ɗin da suke daidai. Da hannu na bi su layi-layi, rubutun wani ne da ya ba ni amana.

Ƙannena, sed harafi yake gani, bai san ma'ana ba. Tun da Lee McMahon ya rubuta shi a cibiyar bincike ta Bell Labs cikin shekarun 1970 haka yake.

Ku fara da dubawa: `grep -n 'kasa' labari.txt` zai jero muku kowane layi da lambarsa. Ku karanta su da idonku. Sannan ku taƙaita inda sauyin zai faɗa. `\bkasa\b` (`\b` na nufin iyakar kalma) a sed na GNU, wanda aka saba samu a Linux, zai tsallake "kasance" da "kasafi", amma ba zai raba "ya kasa" da "ya faɗi ƙasa" ba, wannan sai mai jin harshen. A nan lambar layi ke da amfani: `sed '12s/kasa/ƙasa/'` layi na 12 kaɗai zai taɓa, `'20,45s/kasa/ƙasa/g'` kuma daga na 20 zuwa na 45. Idan ana maganar ƙasar nan ne, `'/Najeriya/s/kasar/ƙasar/g'` ba zai shiga layin da ba a ambaci Najeriya ba.

Ku gwada ba tare da `-i` ba, ku ga sakamakon a allo. In ya yi muku, ku rubuta `-i.bak` don tsohon fayil ya tsira, sannan `diff labari.txt.bak labari.txt` ya nuna muku kowane layin da ya sauya.