Yatsun Baba shida

Bara, da nake rubutun kammala karatun jinya a nan Damagaram, na ɗauki batun gyambon ƙafar masu ciwon suga. Wata biyu ina kwana kan PubMed, shafin intanet da ke tara binciken likitanci, in an ɗauke wuta in ci gaba a salula. Yawancin binciken daga Amurka da Ingila yake, sai China da ta taso da ƙarfi. Na Afirka ƙalilan ne, sunan Dokta Zulfiqarali Abbas na Tanzaniya shi ke ta dawowa.

Masu binciken manyan ƙasashen can hankalinsu ya koma kan hana ciwon komowa. Wani mai bincike, Armstrong, da abokansa sun rubuta a 2017 cewa kusan 40 cikin 100 na waɗanda suka warke, gyambon kan sake buɗewa cikin shekara guda. Shi ya sa ake auna zafin tafin ƙafa kullum: in wuri ya ɗara takwaransa na ɗayar ƙafar da digiri 2.2 na Celsius kwana biyu a jere, sai a rage tafiya. Har safa mai na'ura aka ƙera. Wa zai saye ta a unguwar Zengu?

Abin da ya amfane ni ko dala bai ci ba, wato gwajin Ipswich na 2011. Mutum ya rufe ido, a taɓa kan babban yatsa, na tsakiya da ƙarami a kowace ƙafa. In ya kasa jin biyu ko fiye cikin shidan, jijiya ta fara mutuwa.

A kan Baba na fara gwadawa, shekararsa tara da suga. Da ƙyar ya miƙo ƙafa, wai ɗa ba ya likitan ubansa. Na danna, duk shida ya ce ya ji, na yi murna. Da dare na sake karantawa, ashe ba a dannawa, taɓawa ake sama-sama, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Washegari na maimaita. Biyu kawai ya ji.

Na ɗaga diddigensa, ga faso ya tsage har da ɗan jini, bai sani ba. Na zura hannu cikin takalminsa na zaro tsakuwa.

"Baba, tun yaushe take ciki?"

"Wace?"

Lokacin hunturu ne, kullum da asuba yana kara ƙafa a kaskon garwashi, har yana yabon kansa da jure zafi. Ran nan Inna ta ɗauke kaskon, ni kuma na hau kabu-kabu zuwa kasuwar Dole na sayo farar safa ƙafa uku, don in jini ya fito a gani. Yanzu kowace magariba ita ke duba tsakanin yatsunsa da fitila, yana mita.