Rainon 'Ya'yan Ƙadangare Mai Gemu a Akwatin Gilashi

Kafin in kawo 'ya'yan ƙadangaren gida, sai da na kunna fitilun akwatunansu biyu na bar su suna ci, ina duba ma'aunin zafi safe da yamma, alhali babu komai a ciki sai dutse da reshen itace. Wanda ya saba da kiwon kyanwa ko tsuntsu zai ga kamar ɓata lokaci ne, tunda shi abinci da ruwa ne farkon abin da yake tanada. Ƙadangare kuwa jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa. Daga waje yake aro, kuma da wannan ɗumin yake narkar da abin da ya ci. In wurin ya yi sanyi, ko ka cika masa ciki, abincin zai zauna ne kawai ya dame shi.

Nawa irin da ake kira ƙadangare mai gemu ne, wanda masana suka raɗa wa Pogona vitticeps. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya ne, kuma da yake ƙasar ta daɗe da hana fitar da namun dajinta, waɗanda ake kiwo a gidaje a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Sabon ƙyanƙyasa bai fi santimita 10 ba har da wutsiya, amma babba yakan kai 50 ko ya ɗara, kuma yawancin wannan girma a shekarar farko yake yin sa. Shi ya sa rainon ƙarami ya fi na babba wuya: ƙashi ne yake ginuwa da sauri, duk abin da aka rage masa a jikinsa zai fito.

A gefe ɗaya na kowane akwati na rataya fitilar zafi a saman dutse, har fuskar dutsen ta kai digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas. Ɗaya gefen na bar shi tsakanin 25 da 28. Da dare a kashe komai, muddin ɗakin bai sauka ƙasa da 18 ba. Amfanin wannan bambanci shi ne dabbar ta zaɓa da kanta. Da safe za ka gan shi ya hau dutsen, ya baje ciki kamar faifai, launinsa ya yi duhu don ya ƙara jan zafi. In ɗumin ya ishe shi sai ya ɗaga kai ya wangale baki, ya tsaya haka shiru. Baƙo ya gani sai ya ce numfashi ne ya gagare shi, alhali zafin da ya yi yawa yake fitarwa. Jim kaɗan ya sauko ya nufi inuwa. Da wannan kai-komo nake gane lafiyarsa. In ya yini a manne da dutse, akwatin ya yi sanyi. In ya yini a lungu yana karce gilashi, zafi ya yi yawa. Dutsen nan da ake sayarwa, wanda ake jona wa lantarki don ya yi ɗumi, ban taɓa saka shi ba, domin yana ƙona musu ciki.

Fitila ta biyu ita ce ta UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, kuma a kanta na fi tsananta wa kaina. Da wannan haske fatar ƙadangare take haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki yake tsotse kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci. In babu shi, jiki sai ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashi. Muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su riƙa rawa, gadon baya ya karkace, kuma abin da ya riga ya lanƙwashe da wuya ya miƙe ko an yi magani. Akwai abu biyu da suke yaudarar mutane a nan. Gilashi yana tare UVB, don haka ajiye akwati a bakin taga ba ya ba su komai sai zafin da zai iya hallaka su. Sannan ƙwan fitilar yana ci gaba da haske tar bayan ƙarfin UVB ɗinsa ya ragu, ido ba ya ganewa. Nakan rubuta ranar da na ɗaura shi a jikin murfin, in canza shi tsakanin wata 6 zuwa 12 gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Na haɗa fitilun biyu da agogon da ke kunna su ya kashe, awa 12 haske, awa 12 duhu.

Ci kam, sai wanda ya gani. Babba ganye ya fi ci, amma ƙarami maci ƙwari ne, sau biyu ko uku a yini. Gyare nake ba su, da ƙananan fara, kuma ƙa'idar da masu kiwo suke bi ita nake bi: kada ƙwaro ya fi faɗin tsakanin idanun ƙadangaren. Kafin in zuba, sai in jefa gyaren a leda da ɗan garin kalsiyam in girgiza, su fito fari fat. Gyaren ma sai an ciyar da shi ganye da kayan lambu kwana ɗaya kafin, don abin da ke cikinsa shi ne rabin amfaninsa. Duk wanda ya saura da yamma nakan tsince shi, saboda gyare yana cizon ƙadangare in yana barci. Yankakken ganye ina ajiye musu kullum ko ba su kula shi ba, don su saba. Ƙwarin da fitilar waje ta tara ba na ba su, tsoron maganin feshi, balle maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda guda ɗaya tak yake iya kashe ƙadangare mai gemu.

Ƙasan akwatin takardar goge hannu na shimfiɗa. Ba ta da kyan gani, na sani, amma ƙarami yana haɗiye yashi garin cafkar ƙwaro ya toshe masa hanji. Ga shi kuma a kan farar takarda nake ganin kashinsu sarai, baƙin da ɗan farin da ke gefensa.

Guda biyu na ɗauko, akwati biyu na tanada, ko da yake an yi ta ce mini ɓarna ce. A wurin mai kiwon na ga abin da ya sa ban saurara ba: sun hau kan juna a ƙarƙashin fitila, masu kallo na cewa ƙauna ce. Na saman ne yake shanye haske da ɗumi, na ƙasan yana ta ɗaga hannu ɗaya yana juya shi a hankali, alamar ya sallama. Wani a cikinsu ma bakin wutsiyarsa a guntule yake, kuma wannan iri, ba kamar tsaka ba, wutsiyarsa ba ta sake tsirowa.

Saɓa suna yin ta a kai a kai tunda girma suke yi. Fatar ta yi toka-toka, cin abinci ya ragu, sannan ta fara ɓarewa gutsure-gutsure. Ba na jan ta. Yatsu da bakin wutsiya kawai nake dubawa, don tsohuwar fata in ta maƙale a nan tana ɗaure wurin ta hana jini gudu. In na ga haka sai in sa shi a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce kafaɗarsa ba, ina tsaye a kansa.

Wajen ɗauka, hannu daga gefe nake kawowa in tallafo ciki. A tsakiyar kansu akwai wani ɗan ɗigo mai gane haske da inuwa, duk abin da ya sauko daga sama shaho ne a wurinsu. Bayan na taɓa su ko kwanonsu, wanke hannu da sabulu dole ne, saboda lafiyayyen ƙadangare ma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, kuma ba na wanke kayansu inda ake wanke kwanukan abinci.

Duk mako nakan ɗora kowanne a ƙaramin sikeli in rubuta nauyinsa. Ƙadangare ba ya kuka, ba ya nishi, ciwo yakan yi nisa kafin ya nuna a fuska. Ƙaramin da nauyinsa ya tsaya cak ko ya fara raguwa, fitilu nake fara dubawa, in sun yi daidai sai in nufi likitan dabbobin da ya san masu jan ciki, da ɗanyen kashinsa a leda don a duba tsutsar ciki.