Asabar a Plains, garin mutum 573

Asabar, tsakiyar Satumba

Sha ɗaya na dare ta gota. Kawu ya riga ya kwanta, ni kuwa barci ya ƙi zuwa. Takalmana na nan bakin ƙofa da jar ƙasa a jikinsu, ban kakkaɓe ba tukuna. Bari in rubuta abin da na gani yau tun bai dusashe ba.

Tun zuwana ƙasar nan nake damun Kawu da cewa ina so in ga ƙauyen Amurka, don wata biyu ke nan ba abin da idona ke gani sai kwalta da benaye. Jiya da dare ya ce in shirya, zai kai ni garin da bai kai unguwarmu yawan jama'a ba, amma ya haifi shugaban ƙasa, Jimmy Carter. Muna idar da sallar asuba muka bar Atlanta, muka nausa kudu. Tafiyar ta kusan awa uku.

A hanya na lura ƙasar tana sauya kama. Arewacin jihar Jojiya tuddai ne da gangare, amma akwai wani layi da ya ratsa jihar daga Columbus zuwa Macon zuwa Augusta, da zarar an ƙetare shi sai ƙasa ta kwanta, ta shimfiɗe har bakin teku. A wannan shimfiɗar Plains take, cikin gundumar Sumter, tsakanin kogin Flint ta gabas da kogin Chattahoochee ta yamma, wanda ya raba Jojiya da Alabama. Dama da hagu gonaki ne iya ganinka, auduga ta fara buɗe baki, sai dazuzzukan wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ake shukawa a layi don katako. Ƙasar ja ce wur. Muka ratsa Americus, hedikwatar gundumar, muka ƙara mil goma yamma, sai Kawu ya rage gudu ya ce, "To, ga ka ga Plains."

Na ce, "Kawu, ina garin?"

Ya nuna mini jerin kantunan jan bulo a hannu ɗaya na titi, suna fuskantar layin dogo. Kasuwar garin ke nan gaba ɗaya. Da ƙafa na taka ta daga wannan kai zuwa wancan kafin Kawu ya gama kulle mota. Faɗin garin duka bai cika murabba'in mil ɗaya ba. A ƙidayar 2000 mutum 637 aka samu, a ta 2010 suka kai 776, a ta 2020 kuma suka sauko 573. Wato cikin shekara goma mutum 203 sun ragu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan lissafi shi ya tsaya mini a rai yini guda. A gida in aka ce gari, ana nufin wurin da kullum ake yanka ragon suna, ana yanka sababbin filaye a bayan gari. Ban taɓa tsayawa a garin da ke tsukewa ba sai yau. Tun safe har muka tafi, yaran da na gani a titi ba su kai yatsun hannu biyu ba, kuma galibinsu da iyayensu suka zo yawon buɗe ido kamar mu.

Muka fara da tsohuwar makarantar sakandaren garin, ginin 1921, wadda aka rufe a 1979, yanzu ta zama gidan tarihi. A nan na karanta asalin wurin. Ƙasar mutanen Muskogi ce, waɗanda Turawa ke kira Creek. Aka raba su da ita, aka kora su yamma, aka yanka gundumar Sumter a 1831, baƙi suka shigo da bayi suka kama noman auduga. Ƙananan ƙauyuka uku suka tsiro a nan kusa: Lebanon, Magnolia Springs, da wani mai suna Plains of Dura. Wannan suna daga Littafi Mai Tsarki na Kirista aka ɗauko shi, filin Dura ne na ƙasar Babila inda sarki Nebukadnesar ya kafa gunkin zinariya. A 1885 aka shimfiɗa layin dogo, bai bi ta kan ko ɗaya daga cikinsu ba, sai mutane suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka komo bakin layi. Suka taho da sunan, suka datse wutsiyarsa, ya zama Plains kawai. A 1896 hukuma ta amince da shi a matsayin gari. Iyakarsa ta farko da'ira ce: aka tsaya a tasha aka auna rabin mil ta kowace fuska.

Ina karanta wannan sai garinmu ya faɗo mini. Mu ma kan layin Kano zuwa Nguru muke, wanda aka kammala a 1930, kuma Kaka ta sha ba mu labarin cewa tsohon garin yana can gabas inda kukoki suke, tasha ce ta janyo mutane, gyaɗa kuma ta riƙe su. Nan ma haka. Da wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga ya shigo Jojiya wajen 1915 ya tagayyara manoma, sai suka karkata ga gyaɗa. Yau kusan rabin gyaɗar Amurka daga wannan jiha take fitowa. Tamu kuwa, farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur suka haɗu suka rushe dalar Kano.

Tashar jirgin tana nan, ginin katako na 1888, ɗan ƙarami. A cikinta Jimmy Carter ya kafa ofishin yaƙin neman zaɓensa na 1976. Na daɗe ina kallon hotunan lokacin, titin nan da na taka babu kowa ya cika maƙil da 'yan jarida da masu son ganin manomin gyaɗa da ke neman mulkin Amurka. A bakin gari kuma akwai mutum-mutumin gyaɗa mai tsawon ƙafa 13, da haƙora a waje tana murmushi, wadda magoya bayansa na jihar Indiana suka ƙera a shekarar. Kawu ya ɗauke ni hoto a gindinta, muka wuce.

Inda na fi daɗewa shi ne gonar da Carter ya tashi, a wani ƙauye mai suna Archery, mil uku yamma da gari. A asibitin Plains aka haife shi ran 1 ga Oktoba 1924, shi ne shugaban Amurka na farko da aka haifa a asibiti, amma yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka komo nan. Gidan katako ne mai baranda, tsakar gidansa farin rairayi ne da ake sharewa, babu ciyawa, don a riƙa ganin sawun maciji. Na tsaya ina kallon shatin tsintsiya a kan rairayin, irin wanda Inna ke bari kowace safiya. Ruwan famfo bai shigo gidan ba sai 1935, lantarki sai 1938. Wurin wankan bokiti ne da aka huhhuda gindinsa aka rataye, ruwa na zubowa ta ciki. Ga maƙera, ga rumfar alfadarai, ga ɗan kantin uban inda ma'aikatan gona ke karɓar kaya bashi kafin kaka. Daga nan yaron ke bin layin dogo da ƙafa zuwa gari, yana tallan dafaffiyar gyaɗa a ƙulle-ƙulle. Da na ji haka sai na ga ƙanwata da farantinta a ka, a bakin tasha, da gwangwanin awo.

Can gefe akwai wani ɗan gida da ya fi taɓa ni, na Jack da Rachel Clark, baƙaƙen fata masu aiki a gonar. Ɗakuna ne ƙanana, an lilliƙa jaridu a bangon katako don tare iska, ga katifar da aka cusa wa ciyawa. A nan Carter ke kwana in iyayensa sun yi tafiya. A zamanin, Archery iyalai kusan 25 ne na baƙaƙe da biyu na farare. Tare yaran ke wasa, tare suke kamun kifi, amma makaranta daban, coci daban, in sun hau jirgi zuwa Americus tarago daban. Makarantar da na shiga da safe ta farare ce zalla a lokacin. Gonar ta mutum ɗaya ce, gumin na mutum da yawa. Manomi ya yi shekara yana noma ƙasar wani, in kaka ta yi a raba amfani, a zare bashin kanti, sau da yawa ya tashi hannu rabbana.

Nan na fara fahimtar inda mutanen suka tafi. Daga wajen 1910 zuwa 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wulaƙanci da talauci. Waɗanda suka rage kuma inji ya zo ya karɓe aikinsu. Wannan da idona na gani. A hanyar komowa gari muka tarar ana cirar gyaɗa, Kawu ya tsaya gefen titi. Tarakta guda ce ke jan wani ƙarfe mai wuƙaƙe da ke shiga ƙarƙashin kunya, ya yanke saiwa, ya ɗago gyaɗar, ya kakkaɓe ƙasa, ya kifar da ita 'ya'yan na kallon sama don rana ta busar. Bayan 'yan kwanaki wani injin zai bi ya tsinke 'ya'yan ya watsar da harawa. Ƙamshin ɗanyar gyaɗa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, ƙamshin kakar gida sak, har na ji idona ya kawo ruwa. Amma gonar da a wajenmu sai an yi gayya, an dafa tuwo, mata da yara sun yi mako suna tsinka, mutum ɗaya ne a cikinta, yana zaune cikin gilashi. Babu waƙa, babu mai kawo fura. Na ce wa Kawu albarkar ta yi yawa amma gonar ta yi shiru. Ya ce, "Ɗana, shi ya sa matasansu ke Atlanta. Kai ma ai ba don gona ta ƙi ka ka taho ba, don ba ta isa ba ne." Ban ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa.

Mun yi azahar da la'asar ƙasaru a inuwar wata bishiya kusa da layin dogo. Wasu mitsi-mitsin ƙudaje suka dame mu, suna neman ido da kunne. Wani dattijo baƙar fata da ke wucewa ya dakata nesa kaɗan har muka sallame, sannan ya gaishe mu, ya tambayi daga ina. Da muka ce Nijeriya sai ya faɗaɗa murmushi. Ya ce 'ya'yansa duk suna birni, sai bikin gyaɗa na ƙarshen wata suke zuwa. Gaisuwarsa doguwa ce, ba irin ta Atlanta ba, sai da ya tambayi hanya da gajiya da mutanen gida.

Abin da ya bambanta Plains da dubban garuruwa irinta shi ne ɗanta ɗaya ya tafi ya dawo, har sau biyu. Carter hafsan sojan ruwa ne lokacin da mahaifinsa ya rasu a 1953, ya ajiye aiki ya komo, shi da matarsa Rosalynn, ita ma haifaffiyar garin, suka zauna a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suna sayar da irin gyaɗa da taki. Da aka kafa ƙungiyar farare masu kare wariya ya ƙi shiga, wasu suka ƙaurace wa sitonsa. Ya yi gwamna daga 1971, ya yi shugaban ƙasa daga 1977 zuwa 1981, ya sha kaye, ya sake komowa gidan da ya gina a 1961, bai ƙara sauya gida ba. Cocin Maranatha da ya riƙa koyarwa ranar Lahadi, a 1977 aka kafa ta bayan saɓani a tsohuwar cocin garin kan shigar baƙaƙe. A 2017 ya ba da hayar eka goma na gonarsa aka jera farantan sola fiye da 3,800, masu iya ba garin kusan rabin wutarsa. Rosalynn ta rasu a Nuwamba 2023, shi kuma ran 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, kuma a harabar gidan nan aka binne su. Ina girmama wannan ƙwarai. Na san manyanmu da yawa da ƙauyensu bai sake ganinsu ba sai a makara. Sai dai duk da haka lissafin bai sauya ba: suna ya kawo baƙi masu sayen tsaraba su tafi kafin magariba, bai kawo masu zama ba. Yanzu da mai gidan ya kwanta dama, ina jin tsoron abin da ƙidayar 2030 za ta nuna.

Da muka zo wucewa ta ƙofar gidan, Kawu ya tsayar da mota, ya yi shiru. Can ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini wani tabo a idon sawu, wanda na sha gani tun ina yaro ban taɓa tambaya ba. Kurkunu ne. Ya ce damina guda ya yi a kwance yana ɗan shekara goma sha biyu, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, gonarsu ta yi ciyawa don shi da Baba duk sun kwanta. A 1986, lokacin da cibiyar da Carter ya kafa ta sa hannu a yaƙi da cutar, mutum kimanin miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a duniya. Binciken farko a Nijeriya ya gano fiye da 650,000. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka kan wannan aiki, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai ciwo shiga kududdufi. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, a 2023 kuma mutum 14 kacal aka samu a duniya duka. Ni ban taɓa ganin mai kurkunu ba. Kawu ya ce shi ya sa duk baƙon da ya zo masa daga gida sai ya kawo shi nan. Sai a lokacin na gane ba don ni kaɗai aka yi tafiyar ba.

Kafin mu kama hanya na sayi soyayyiyar gyaɗa leda biyu a ɗaya daga kantunan, da wani askirim na tunkuzar gyaɗa da Kawu ya dage sai na ɗanɗana. A bakin hanya kuma muka samu mai dafaffiya. Tasu ta fi tamu gishiri da laushi, a cikin ruwanta ake zubo ta da zafi. Muna tafe muna ɓarewa, rana na faɗuwa bayan gonakin auduga, fitilun gidaje ɗaya nan ɗaya can.

Gobe in Allah ya kai mu zan kira Inna. Ina so in ji ko an fara cirar gyaɗa a gida, da kuma wa da wa suka rage a gari cikin sa'o'ina da za su taya Baba.