Fankar kwamfuta ce ta tona ma birus asiri

Kusan sati uku kwamfutar gida tana mani iskanci ina ɗora laifin a kan zafin Maradi. HP ce ta hannu da na saya a babbar kasuwa, Windows 10 a kanta, da ita nake lissafin shago, yara na kallo da ita, ƙanena da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ma da ita yake rubuta aikin makaranta. Watan Afrilu ne, zafi ya wuce 40, in fanka ta yi ihu wa zai yi mamaki? Amma har bayan Isha'i da gari ya ɗan yi sanyi, ba a buɗe komai ba, tana kan tebur ita kaɗai tana huci kamar injin nika, batirin da ke kai awa uku ya koma ko awa ɗaya ba ya yi.

Ran nan na danna Ctrl da Shift da Esc tare don in ga me ke cin ƙarfinta, tawa da Faransanci take, Gestionnaire des tâches ake ce ma wurin. Ina buɗewa ba a jima ba fanka ta yi tsit. Na rufe, minti kaɗan ta dawo da ihunta. Na sake buɗewa, tsit. Sau huɗu na yi hakanan wallahi sai da na yi dariya, abu kamar ɓeran da ya ji motsin mai gida. Akwai birus da aka ƙera haka, suna haƙo ma wani kuɗin intanet irin su Monero da injinka da wutarka, da sun ga ka buɗe wurin dubawa sai su kwanta luf.

Abin da ya fi ba ni haushi, Defender, antibirus ɗin da ke zuwa da Windows, na nuna mani kore, wai komai lafiya lau. Sai da na shiga Sécurité Windows na gangara wurin da ake ware abin da ba a so ya bincika, sai ga wani dosiye da ban taɓa sawa ba. Wato an ce ma mai gadi kar ya leƙa ɗakin da ɓarawo ke kwance, shi kuma yana ta ce maka gida lafiya. Na kira ƙanena na ce kai zo nan, me ka saka a injin nan? Ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce "Yaya ai Office ne ya ce lokacinshi ya ƙare, na samo wani abu da ke buɗe shi kyauta, mai bidiyon ya ce sai an kashe antibirus tukunna." To ka ji. Shi da hannunshi ya buɗe ƙofa har da shimfiɗa tabarma.

Na fara da cire kwamfutar daga intanet, na goge waccan warewar, sannan na sa binciken Defender na hors ligne, wato wanda ake yi ba a kan layi ba. Wannan shi ne mai amfani, don kwamfutar na mutuwa ta tashi ta yi binciken tun Windows bai gama tashi ba, lokacin birus ɗin bai samu damar ɓuya ba, kamar minti 15 yake ɗauka. Ya kama abu biyu. Na ɗauko Malwarebytes, wani program na farautar birus, daga kwamfutar wani abokina na ƙara bi ta kai, shi ma ya tsinto wasu, a Planificateur de tâches kuma, wurin da ake tsara ayyukan da Windows ke tadawa da kanshi, na tarar da wani aiki mai suna kamar na sabunta Windows wanda shi ke tada abin duk lokacin da aka kunna.

Kile USB ɗin ƙanena kuma nata ciwon daban, irin wanda ake kwasowa a wuraren buga takarda, duk takardunka su koma rakursi, wato alamar da ke kai ka ga takarda, ba takardar kanta ba, kana dannawa ka kunna ma kanka birus. Takardun suna nan an ɓoye su ne kawai, umarnin attrib -h -r -s /s /d ya fito da su, muka kwashe muka wanke kilen.

Kalmomin sirri a waya na canza su, don in akwai mai leƙen abin da nake dannawa a kwamfutar to canzawa a kanta aikin banza ne. Gmail na fara da shi tunda duk sauran ta nan ake dawo da su, sai Facebook, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, na kuma fitar da duk na'urar da ban sani ba. Duk kalmar da Chrome ya ajiye na ɗauke ta a matsayin wadda ta riga ta fita.

Fanka ta yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Abin da ya iya sa Defender ya kau da kai, ina na san me ya bari a baya? Kwana biyu ina juya maganar, na uku na kwashe hotuna da takardu kawai, ban ɗauki program ko ɗaya ba, na kai ma mai gyara ya yi formate ya sa sabon Windows. Shi ya tuna mani ma Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, tawa kuma ba ta da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin injin da Windows 11 ke nema, wannan maganar sai an samu kuɗi.

Na sa LibreOffice a madadin Office tunda kyauta ne, na buɗe ma ƙanena asusu nashi da ba ya iya saka komai sai na zo na sa kalmata. Jiya ya biyo ni har shago wai Yaya teburan da ya yi a Word duk sun karkace, malaminsu kuma ranar Litinin yake son aikin. Na ce ya mayar da shi PDF in ya gama gyara teburan, yana can yana ta fama har yanzu.