Har yanzu raina bai kwanta ba

Wallahi zaɓen shugaban ƙasar Gana na 7 ga Disamba 2024 har yau yana cina. Tun asuba na shiga layi a unguwar Aboabo ko koko ban sha ba, na dangwala wa Bawumia, kashegari da safe sai gashi da kansa yana taya Mahama murna. Na daɗe zaune ƙofar shago riƙe da waya, tawadar ma bata goge a yatsana ba. To Allah ya riga ya yi. Amma ni tsorona darajar kuɗinmu sidi da kuɗin shinkafa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ga galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta maida kogin Pra kamar kunu, samarin zango kuma sai zaman benci babu aiki. Ƴaƴanmu wace Gana zasu tarar?